Daga Unguwa Uku Zuwa Wusta, Garin Matar Da Ta Tambayi Inda Mata Suke

Ranar da zan bar Kano, Umma ba ta tambaye ni abin da zai kai ni Amurka ba. Damuwarta yajin da ta daka min ne, da kilishin da ƙanina ya sayo a Agadasawa. Na ce mata kilishi ba zai wuce ba, ba a shiga ƙasar da nama. Ta dube ni ta ce, "To wace irin ƙasa ce wannan?" Na bar wa yara kilishin, na cusa yajin cikin safa.

A watan Oktoba ne na 2023. Ina koyar da kimiyyar siyasa, kuma an karɓi takardata a wani taron kwana uku a Boston, takarda a kan matan sojoji. Masu taron sun ɗauke min tikitin jirgi da masauki, saura kuwa aljihuna. Biza kaɗai dala 185 ce. A Wapa dala ta riga ta haura naira dubu, ɗari huɗun da na canza sun lashe albashina na kusan wata biyu. Amma gaskiyar magana, ba taron ne ya hana ni barci ba. Da na duba taswira sai na ga Wusta, garin da Cynthia Enloe, malamar kimiyyar siyasa Ba'amurkiya mai rubutu a kan mata da soja, ta shafe shekara hamsin tana aiki, bai wuce tafiyar awa ɗaya da rabi daga Boston ba. Wannan mata ita ce silar da na sauya batun digirina na biyu, har muka yi wata guda ba ma jituwa da mai duba aikina. Na ce ko da ƙafa ne sai na je na ga wurin.

Na hau Sharon a tashar Unguwa Uku bayan asuba, naira dubu shida zuwa Kaduna, direba yana ta rantsuwa cewa tun da aka cire tallafin mai bai ƙara ganin riba ba. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Zariya babu abin faɗi sai gyangyaɗi. Shingayen kan hanya na ƙirga, kamar yadda na saba. Kowa ya san fasalinsu: durom biyu, buhunan yashi, katako mai ƙusoshi, jami'i yana leƙo kai ya ce "Daga ina?" Abin da ban taɓa ƙirgawa ba sai bayan na karanta Enloe shi ne wanda ke gefen shingen. Babu shinge ɗaya da ba shi da 'yar kasuwarsa. Yara mata da farantin gyaɗa da dafaffen ƙwai da awara suna bin tagogi, saboda nan ne kaɗai mota ke rage gudu. Can baya ƙarƙashin bishiya za ka hango wata mata da tukunya a kan murhu, ita ke dafa wa masu bindigar abin da za su ci. In ka ɗauke ta, shingen ba zai kai la'asar ba. Amma ban taɓa ganin ta a wani rahoton tsaro ba.

Da muka zo wucewa ta Jaji na ga shuɗin hayaƙi yana tashi bayan katangar bariki, sai zuciyata ta koma gida. Ni 'yar bariki ce. Baba soja ne, ƙaramin ma'aikaci, mun zauna a barikoki huɗu kafin ya yi ritaya. Ina 'yar shekara bakwai aka tura su Laberiya cikin dakarun ECOMOG a 1990, ya bar Umma da mu biyar a ɗaki biyu. Ta koma sayar da kunu da waina a kasuwar mami. Kowace Asabar magajiyar bariki tana zagayawa duba tsaftar layi, in mace ta yi faɗa da maƙwabciya maganar tana iya kaiwa ga ofishin da mijinta ke aiki. Umma ba ta taɓa sa kaki ba, ba ta taɓa karɓar albashi ba, amma ƙaho ne ke tashinta kamar yadda yake tashin Baba.

A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, da jami'an tsaro a cikin taragu tun bayan harin 28 ga Maris 2022. Na kwana wurin 'yar gwaggona a Lugbe, washegari na tashi.

Kusan awa bakwai muka yi zuwa Doha. A layin binciken masu sauya jirgi wata yarinya ta taɓa min hijabi ta ce, "Anti, don Allah duba min wannan takardar, ina zan bi?" Hausarta ta wajen Damagaram ce. Jidda za ta, aikatau. Fasfo ya ce shekararta ashirin da takwas, fuskarta kuwa ba ta kai ashirin ba. A tafin hannunta an rubuta lambar waya da biro, zufa ta fara cinye lambobi biyun ƙarshe. Na ciro takarda na kwafe mata tun ana iya karantawa, na raka ta har ƙofar jirginta. Ta ce wanda ya yi mata hanya zai riƙa cirar kuɗinsa daga albashinta na watannin farko, bayan nan sai ta fara turo wa innarta. Na tambaye ta gidan wa za ta. Ta ce, "Sai na je, Anti."

A wannan falon ba ita kaɗai ba ce. Ga wasu mata sun kai talatin, daga gabashin Afirka bisa alama, duk da riga iri ɗaya da jakar leda mai ɗauke da takardu, suna zaune a ƙasa sun jera kamar 'yan makaranta. A shekarar 1989 Enloe ta ware babi guda a littafinta Bananas, Beaches and Bases a kan irin waɗannan mata, ta nuna cewa gwamnatoci irin na Filifin da Siri Lanka suna dogara da kuɗin da 'yan aikatau ke turowa gida wajen samun kuɗin waje da biyan bashi. Ministan kuɗi yana zaune da jami'an IMF, amma wadda za ta samo dalar tana goge bayin wani a wata ƙasa. Lokacin da na fara karanta wannan na ɗauka gishiri ne irin na marubuta. A Doha na ga babin zaune a kan tayil yana jiran a kira shi.

Daga Doha zuwa Boston awa goma sha uku ne da ɗoriya, isasshen lokaci ga wanda barci ya ƙi. Na ciro tsohon kwafina na Bananas, Beaches and Bases, wato ayaba da bakin teku da barikokin soja, wanda bangonsa ya sha salatif. An haifi marubuciyar a 1938 a New York, ta tashi a Manhasset da ke Long Island, unguwar masu rufin asiri. Ta gama digirin farko a Connecticut College a 1960, ta yi na uku a Berkeley ta Kalifoniya a 1967, bayan ta je Maleshiya ta yi bincike a kan siyasar ƙabilanci tsakanin Malay da 'yan asalin Sin da 'yan asalin Indiya. Ta ɗan koyar a Ohio, sannan a 1972 ta koma Jami'ar Clark da ke Wusta. Abin da ya fi burge ni a tarihinta ba shi ne abin da aka fi yabonta da shi ba. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa ta rubuta littattafai da dama a kan ƙabilanci da soja ba tare da ta taɓa tambayar inda mata suke ba, kuma a lokacin ba ta ma lura cewa ba ta tambaya ba. Mace ce, tana da digirin digirgir, amma idon da aka horar mata na maza ne. Malamai nawa ne a wurinmu za su tsaya gaban ɗalibai su ce aikina na shekara goma da rami a tsakiyarsa? Mu da ko kuskuren rubutu a allo sai mu ce alli ne.

A filin jirgin Logan jami'in shige da fice ya tambaye ni batun takardata, na ce matan sojoji. Ya ɗago kai ya ce shi ma mahaifinsa soja ne, mahaifiyarsa ta yi ƙaura sau tara. Ya buga hatimi. Mai duba kaya ya shinshina yajin Umma, ya yi atishawa biyu, ya mayar min. Bas ɗin da ke ɗauko mutane daga filin jirgi zuwa tashar South Station kyauta ne, abin da na yi ta juyawa a raina, don na riga na ware masa dala ashirin.

Taron ba zan gajiyar da ku da shi ba. An sa ni ƙarfe takwas na safiyar ranar ƙarshe, mutum goma sha ɗaya suka zo, biyu daga ciki masu gabatarwa ne irina. Shayi da burodi a otal dala goma sha huɗu, don haka na koma cin garin kwakin da na ɓoye a akwati, da suga da gyaɗa, ina kallon gine-ginen Boston ta taga kamar wata attajira.

Ranar Alhamis na je sayen tikitin jirgin ƙasa. Sunan garin a rubuce Worcester ne, ni kuwa na karanta shi yadda malamin firamare ya koya min, harafi bi harafi. Mai sayar da tikiti ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wusta take nufi." Rabin haruffan ashe ado ne. Dala goma sha biyu da kwata na biya. Tafiyar kilomita saba'in ce, ta Framingham, kuma lokacin kaka ne a can, ganyayen itatuwa sun koma ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, kai ka ce an shanya atamfofi a daji. Mu a wurinmu ganye in zai mutu bushewa yake yi kawai ya faɗi. Nasu sai ya yi kwalliya tukuna.

A Union Station, mai farin gini da hasumiya biyu, wadda za ta sauke ni tana jira. Yayar matar wani abokin aikina ce, Bahaushiyar zangon Kumasi, ta kai shekara goma sha biyar a garin. Wusta cike take da 'yan Gana, ga shagunansu ga coci-cocinsu, kuma a cikinsu akwai 'yan zango. Ta rungume ni ta ce, "Ƙanwana, sannu da hanya, kin wahala." Hausar zango ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba. Da ta ce min "ɗiyana ya kira jiya, ya ce ya haihu" sai da na yi shiru na warware lissafin. Ita ma tana dariyar tawa, wai muna magana kamar masu karanta labarai a rediyo.

Gidan da take haya irin na garin ne: katako, hawa uku, kowane hawa iyali guda, da baranda a baya. An gina su ne don ma'aikatan masana'antu tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Wusta ke ƙera wayar ƙarfe da injuna. A unguwar ma akwai tsohon ginin kamfanin Royal Worcester, inda ɗaruruwan mata suka yi ta ɗinka rigar ciki mai matse ƙugu ana kaiwa ƙasashen duniya. Matakalar gidan tana kuka duk taku, ɗakin kuma ɗumi kamar an rufe tukunya. Ta zubo min shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, da taliya a gefe da dafaffen ƙwai da baƙin yajinsu mai kifi da suke kira shito. Garau-garau ne da ya je makaranta. Na ci har na ji kunya.

Ƙarfe goma na dare ta sa kayan aiki. A gidan kula da tsofaffi take, daga sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, wani lokaci ta zarce da na rana. Tana juya su kada su yi gyambon kwanciya, ta wanke su, ta canza musu shimfiɗa, ta ba su abinci a baki. 'Ya'yanta uku mahaifiyarta ce ta raine su a Kumasi da kuɗin da take turawa duk wata. Autan yana da shekara huɗu ta baro shi, a waya ya girma. Ta ce a cikin tsofaffinta akwai wani da ya yi yaƙin Biyetnam, duk dare wajen ƙarfe uku sai ya farka yana ihu yana neman a kwanta ƙasa. Ba ya yarda da kowa sai ita. "Sai in riƙe hannunsa in yi ta karanta masa Ƙulhuwallahu a hankali. Bai san me nake cewa ba, amma yana barci." An gama wannan yaƙi tun 1975. Ga shi wata 'yar zangon Kumasi tana ci gaba da kwashe shararsa da tsakar dare, a kan 'yan daloli a awa.

Da safe, tana barcin gajiya, na fita. Bas ɗin cikin gari ma kyauta ne tun 2020, amma jami'ar kusa take, sai na taka ta Main Street. Unguwar ba ta masu kuɗi ba ce: shagunan 'yan Biyetnam da na masu jin Sifaniyanci, wurin wanki, mutane biyu-uku a bakin titi da alamar duniya ta juya musu baya. Kwatsam sai ga jan bulo da ciyawa. Na yi zaton zan ga wata ƙatuwar daula. Clark ƙarama ce, sabuwar harabar Jami'ar Bayero za ta haɗiye ta ba tare da ta sha ruwa ba. An kafa ta a 1887. A tsakiyar fili ga gunkin Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, zaune a kan benci da littafi a hannu, don a nan ya gabatar da laccoci biyar a 1909, zuwansa Amurka na farko kuma na ƙarshe. Ɗakin karatun kuma sunan Robert Goddard yake ɗauke da shi, malamin jami'ar da ya harba roka mai amfani da man ruwa ta farko a 1926, kuma Buzz Aldrin ne ya yanke ƙyallen buɗe ginin a 1969, wata biyu kafin ya taka duniyar wata. Mai gunki namiji, mai gini namiji, mai almakashi namiji. Na yi dariya ni kaɗai, don tambayar matar ta riga ta zame min ciwo.

Ban nemi ganinta ba. A lokacin shekarunta tamanin da biyar, ta daɗe da barin koyarwar yau da kullum duk da ba ta daina rubutu da yawon lacca ba, kuma a wannan kakar ma sabon littafinta a kan darussan yaƙi goma sha biyu ya fito. Na rubuta wasiƙa sau uku tun ina Kano ina gogewa. Me zan ce mata? Na zo in gode? Kunyar Bahaushiya ta rinjaye ni. Na shiga ɗakin karatu, na ɗebo littattafanta na jera a tebur bisa shekarunsu, kamar mai jeren kwalla.

A haka ne mutum zai ga inda hanya ta karkata. Ethnic Soldiers na 1980 yana bayanin yadda gwamnatoci ke zaɓar ƙabilar da za su ba bindiga da wadda za su hana. Mu wannan ba baƙon zance ba ne, tun da Glover, Baturen mulkin mallaka, ya tara dakarunsa na Hausawa a Legas a 1863, har Hausa ta zama harshen bariki. Aiki ne mai kyau, amma maza ne daga bango zuwa bango. Shekara uku kacal bayan haka, a 1983, sai ga Does Khaki Become You?, inda ta juya ta dubi masu wanki da masu jinya da matan aure da karuwai da ma'aikatan masana'antar makamai, duk matan da soja ba zai iya motsi ba sai da su, amma ba ya son a ce yana bukatarsu. Tsakanin littattafan biyu akwai ɗalibai mata da abokan aiki a Clark da suka matsa a fara koyar da darussa a kan mata, ita kuma ta shiga ciki tana koyo tana koyarwa, har daga baya ta shugabanci sashen kimiyyar siyasa da kuma shirin nazarin mata. Akwai kuma littafin ajiyar sirrin mahaifiyarta. Mahaifinta likita ne da ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, sai ta koma ta karanta abin da uwar ke rubutawa kullum a shekarun da take riƙe da gida ita kaɗai. A nan na rufe littafin na ɗan fita shan iska. Umma ba ta da irin wannan littafi. Lissafin bashin kunu kawai take yi da gawayi a bayan ƙofa.

Hanyar aikinta ba ta da wani tsafi, shi ya sa manyan fannin suka daɗe suna yi mata kallon mai wasa. Su suna maganar makaman nukiliya da daidaiton ƙarfi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, ita tana tambayar wa ke wanke ayaba. Ta bi hoton Carmen Miranda, mawaƙiya kuma 'yar fim daga Brazil mai hular 'ya'yan itace, ta nuna yadda aka yi amfani da surar macen Latin Amurka wajen sayar wa matan Amurka ayabar kamfanin United Fruit, alhali a gonakin mata ne ke tsaye cikin ruwa da magani suna wankewa da shiryawa a kan ƙaramin lada. Ta je ga sansanin sojan ruwan Amurka na Subic Bay a Filifin, da garin Olongapo da ke jikinsa, inda hukumomi suka tsara gwajin lafiya da katin shaida ga matan mashaya domin kare sojoji. Wato abin da ake kira lalacewar tarbiyya, da sa hannun hukuma a ƙasansa. Ta kuma dubi matan jakadu masu dafa liyafa kyauta, waɗanda har zuwa 1972 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke saka halayensu cikin rahoton ƙarin girman mazajensu. Da na karanta wannan na tuna magajiyar barikinmu da littafinta na ranar Asabar. Abin da take son a gane shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru haka kawai. Wani ne ya zauna a ofis ya yanke shawara, kuma kullum sai an yi aiki kafin matan su ci gaba da zama inda aka ajiye su. Ranar da suka ƙi kuwa ana gani, kamar yadda aka gani a Maiduguri a watan Agustan 2014, lokacin da matan sojoji suka tare ƙofar bariki suka ce ba za a kai mazajensu daji ba sai da isassun makamai.

Da rana na hau bas zuwa tsakiyar gari. A wannan titin na Main Street aka yi babban taron ƙasa na farko kan 'yancin mata a Amurka, ranakun 23 da 24 ga Oktoban 1850, a wani zaure mai suna Brinley da yanzu babu shi. Mutum sama da dubu suka halarta, cikinsu har da Sojourner Truth da Frederick Douglass, masu fafutukar kawar da bauta, waɗanda duka biyun a bauta aka haife su. Daga wannan taro zuwa ranar da matan Amurka suka sami ƙuri'a a faɗin ƙasa, a 1920, shekara saba'in ce cif. Kusa da wurin akwai Mechanics Hall, ginin 1857, wanda bangon babban zaurensa hotunan maza ne zalla har zuwa 1999 da aka ƙara na mata huɗu. Wannan ya ɗan rage min zafin kai game da gida. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan maganar. Sai dai kuma majalisar dattawan da aka rantsar a watan Yunin 2023 mata uku ne a cikin 109, don haka ban ga abin yin tinƙaho ba.

Da daddare, kafin Yaya ta fita aiki, na ba ta labarin abin da na wuni ina karantawa. Ta saurara tana ɗaure takalmi. Tambayarta ta farko, "Yana da miji?" Ta biyu, "Irin 'yan feminis ɗin nan ne?" Na ce ita kam haka take kiran kanta, ba ta ɓoyewa. Ta taɓe baki. Na san wannan taɓe bakin, ina ganin sa a aji duk shekara. Da zarar kalmar ta fito, rabin ɗalibaina sun toshe kunne, sun ɗauka an zo raba aure ne ko a ce mata su ja sallah. Shi ya sa na daina fara darasi da ita. Ina cewa ne su lissafa min duk wanda ya taɓa abincin da soja ya ci a Sambisa, daga gona zuwa kwano. Kafin su kai rabi sun gano da kansu.

Ni ma ba duk abin da ta rubuta nake haɗiyewa ba. Idonta ya fi sabawa da barikokin Amurka da Asiya, Afirka ba ta da yawa a ciki, kuma addini, wanda shi ne numfashin mata irin Umma da Yaya, ba ya samun wurin da ya kamace shi. Wanda ke son ganin namu sai ya haɗa da Amina Mama, haifaffiyar Kaduna, wadda tun 1995 ta yi rubutu a kan mulkin matan shugabannin soja da shirye-shirye irin Better Life na Maryam Babangida. Na faɗa wa Yaya haka. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Duk wannan sai an rubuta littafi kafin a sani? Ya zo ya bi ni dare ɗaya." Ta ja ƙofa, matakala ta yi ta kuka har ƙasa.

Ranar Asabar ta raka ni tasha ba ta ko runtsa ba. Na miƙa mata dala hamsin, ta ce in ban mayar ba kada in ƙara kiran ta Yaya. Sai ma ta ɗora min kwalbar shito da man zafi guda biyu na kai wa Umma. Na bar mata rabin yajin. Dawowa babu labari, sai akwatina da ya kwana biyu a hanya kafin ya biyo ni. Na iso Kano da dala sittin da uku da mura.

Kwana uku da dawowa na je gida da yamma. Umma na zaune a tabarma tana shafa man zafin a gwiwa. Na ba ta labarin yarinyar Doha, da tsohon da ke ihu ƙarfe uku, da baturiyar da ta karanta littafin mahaifiyarta. Sannan na ajiye waya a tsakaninmu na danna ɗaukar murya, na ce, "Umma, ba ni labarin shekarar da Baba yake Laberiya."

Ta dubi wayar, ta dube ni. Baba ya shekara tara da rasuwa, mun bar bariki tun ina sakandare.

"Kashe wannan abin," in ji ta. "Maganar bariki ba a ɗaukarta."

Na kashe. Ta gyara zama, ta fara daga ranar da motoci suka zo ɗaukar su da asuba, da sunayen matan layinmu da aka zo wa da saƙo daga baya, ɗaya bayan ɗaya, har da lambar ɗakin kowacce. Ba ta tsaya ba sai da aka kira magariba.